Injin bincike: dillalin da ke zaune cikin kowace salula

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Gaskiya ne, amma da sharaɗi: sai in wanda aka tambaya ya san hanya, kuma ba shi da wata riba cikin karkatar da matafiyi. A yau, daga Yamai har Damagaram, tambayoyin jama'a da yawa cikin salula ake rubuta su. Ɗalibi yana neman sakamakon jarrabawa, ɗan kasuwa yana neman farashin albasa ko na wake, maniyyaci yana neman ranar tashin jirgi, uwa tana neman bayani game da zazzaɓin da ya kama ɗanta. Kowanensu yakan buga kalmominsa cikin ɗan layin nan da ke saman allo, amsa ta fito, ya karɓa hannu biyu.

Abin da galibin mutane ba su sani ba shi ne, tun kafin wayar ta iso kasuwa an riga an tsaida wanda zai amsa tambayar, da harshen da zai amsa da shi, da abin da zai riƙe daga cikin sirrin mai tambaya. Duk waɗannan abubuwa suna cikin saitin wayar, kuma mai ita yana da ikon sauya su cikin mintoci kaɗan, ba tare da ya biya ko dala ɗaya ba.

Mota daban, dillali daban

Da farko ya kamata a rarrabe abubuwa biyu da ake yawan haɗawa. Akwai manhajar shiga intanet, wadda ake kira burauza, irin su Chrome, Firefox, Safari, Edge, Opera Mini, ko Phoenix da ake tararwa cikin wayoyin Tecno da Itel da yawa. Ita ce kamar motar da ke kai mutum kasuwa. Akwai kuma injin bincike, irin su Google, Bing, DuckDuckGo, Qwant ko Ecosia. Shi ne kamar dillalin da ke tsaye bakin kasuwa: baƙo ya faɗa masa abin da yake so, shi kuma ya nuna masa rumfunan da zai je, ya jera masa su, wannan gaba, wancan baya.

A shekarun 1990, lokacin da intanet ta fara shigowa ƙasar nan ta hanyar kamfanin SONITEL, bambancin a fili yake. Mai bincike yakan buɗe burauza, ya rubuta adireshin Yahoo ko AltaVista da hannunsa, sannan ya yi tambayarsa. Da kamfanin Google ya fito da Chrome a 2008, sai ya haɗe gurbin adireshi da gurbin tambaya suka zama layi guda, sauran kamfanoni kuma suka bi sawunsa. Tun daga nan, duk abin da mutum ya rubuta a wannan layi, in ba adireshi ba ne, kai tsaye yake wucewa ga injin da aka riga aka ɗaura wa burauzar. Shi ya sa matasa da yawa suke zaton Google shi ne intanet ɗin kanta.

Banza ba ta kai zomo kasuwa

Wannan matsayi na dillalin farko da tsada ake sayensa. Shari'ar da gomnatin Amurka ta shigar kan kamfanin Google a 2020 ita ce ta tona adadin kuɗin. Takardun da aka gabatar gaban kotu sun nuna cewa a 2021 Google ya biya dalar Amurka miliyar 26 da miliyan 300 ga masu ƙera wayoyi, da masu burauza, da kamfanonin sadarwa, domin injinsa ya zama shi ne ɗaure cikin kayansu. A 2022 kamfanin Apple shi kaɗai ya karɓi dala miliyar 20, don Google ya kasance a gaba cikin Safari. In aka juya wannan kuɗi zuwa sefa, ya ninka kasafin kuɗin gomnatin Nijar na wannan shekara fiye da sau uku. Hatta Mozilla, mai burauzar Firefox, mafi yawan kuɗin da ke shigo mata daga irin wannan yarjejeniya da Google suke fitowa.

Me ya sa kamfani zai zuba irin wannan dukiya kan abin da kowa ke iya sauyawa kyauta? Domin ya san halin ɗan Adam: abin da mutum ya tarar a ɗaure, da wuya ya kwance shi. Kowace tambaya kuwa kuɗi ce, saboda tallace-tallacen da ake jerawa a saman amsoshi. A yau wajen kashi 90 cikin 100 na binciken da ake yi a duniya ta hannun Google yake bi.

Ran 5 ga Agusta 2024, alƙali Amit Mehta na kotun tarayya da ke Washinton ya yanke hukunci cewa Google ya yi babakere a kasuwar bincike, kuma ya taka doka wajen kare wannan matsayi. A watan Satumba na 2025 alƙalin ya haramta wa kamfanin ƙulla yarjejeniyar da ke toshe wa abokan hamayya hanya, amma bai tilasta masa sayar da Chrome ba, bai kuma hana shi biyan kuɗin gaba ɗaya ba.

Turawa sun riga Amurka motsawa. A watan Yuli na 2018 Tarayyar Turai ta ci Google tarar yuro miliyar 4 da miliyan 340 kan yadda yake cusa injinsa cikin wayoyin Android. Daga 2020, duk wanda ya kunna sabuwar wayar Android a ƙasashen Turai, allo yakan fito ya tambaye shi injin da yake so. Indiya ma ta tilasta irin wannan zaɓi daga 2023. Wayoyin da ake sayarwa a kasuwannin Maraɗi da Tawa ba su yi wa mai saye wannan tambaya. Saboda haka a nan, mai waya ne da kansa zai nemi ƙofar ya buɗe.

Inda ƙofar take

Da yake wayoyi da yawa a ƙasar nan da Faransanci aka saita su, ga sunayen kamar yadda suke fitowa. Cikin Chrome na Android, a taɓa ɗigo ukun nan da ke kusurwar sama, a shiga « Paramètres », sannan « Moteur de recherche ». Jerin injina zai fito, a zaɓi wanda ake so. Cikin Firefox, sashen « Recherche » na saitin ne ke ɗauke da jerin. A wayar iPhone kuwa, cikin « Réglages » na wayar ake neman Safari, a can za a tarar da Google, Yahoo, Bing, DuckDuckGo da Ecosia. Burauzar Edge ta kamfanin Microsoft, wadda ke zuwa cikin kwamfutocin ofisoshi, da Bing take zuwa ɗaure, ita ma ana sauya mata ta cikin saitinta.

Kowane inji da halinsa. Google, wanda Larry Page da Sergey Brin suka kafa a 1998, shi ya fi faɗin rumbu, kuma galibi shi ya fi kamo shafukan ƙananan harsuna. Bing na Microsoft ne, ya fito a 2009. DuckDuckGo, wanda aka kafa a Amurka a 2008, ya gina sunansa kan alkawarin cewa ba ya tara tarihin tambayoyin mutum. Qwant na Faransa ne, ya fito a 2013 da irin wannan alkawari. Ecosia kuwa, da aka kafa a Jamus a 2009, da ribar tallarsa yake biyan dashen itatuwa, har da ayyukan farfaɗo da ƙasa a maƙwabciya Burkina Faso. Ba lalle ne mutum ya bar Google ba. Sai dai an ce sai an gwada akan san na ƙwarai: tambaya guda a kai ta gaban injina biyu, a ga bambancin amsa, sannan a tsaida shawara.

Nijar, Neja da Najeriya

Ko mutum ya zauna da injin da ya tarar, akwai saiti biyu da suka fi shafar ƴan ƙasar nan: na ƙasa da na harshe.

Sunan ƙasar kansa tarko ne. Da haruffan boko na Turawa, kalma guda ce ke nufin Jamhuriyar Nijar, da kogin Kwara, da jihar Neja ta Najeriya mai hedkwata a Minna, da yankin man fetur na kudancin Najeriya. Da yake shafukan Najeriya sun fi na Nijar yawa nesa ba kusa ba, wanda ya yi tambaya da Ingilishi ko da Hausa sau da yawa amsoshin ƙetaren iyaka ne ke rufe masa allo: farashi da naira, sunayen jarrabawar da ba a yi a nan, dokokin da ba su aiki a nan. Wanda ya yi da Faransanci kuma, amsoshin Faransa ne ke hawa gaba. Ya tambayi ranar jarrabawar bakaloreya, a ba shi ta Faris.

A da, adireshin da aka buɗe shi ke nuna ƙasa: mai son amsoshin Nijar sai ya shiga Google mai ƙarewa da « .ne ». Tun watan Oktoba na 2017 kamfanin ya sauya tsari, ya koma duba inda wayar take. Wannan yana da nasa aibi. Mazaunin bakin iyaka, kamar Birnin Konni, Dan Isa ko Magarya, wanda wayarsa ke kama layin Najeriya, ana iya ɗaukarsa ɗan Sakkwato ko ɗan Katsina. Ɗan cirani da ke Legas, Abijan ko Tirabulus, wanda labarin gida yake nema, amsoshin inda yake zaune za a ba shi. Maganin yana cikin saitin shafin Google kansa, a sashen « Langue et région »: a can ana iya kafe ƙasa a kan Nijar, ko mutum yana ina.

A wannan sashe kuma ake zaɓen harshen amsoshi, kuma ana iya zaɓen fiye da ɗaya. Mai jin Hausa da Faransanci da Larabci yana iya saka su duka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ƙasar da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshenta na ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Rubutun Hausa a intanet yana ƙaruwa: akwai shafukan gidajen rediyo na ƙetare, akwai jaridun arewacin Najeriya, akwai Wikipedia ta Hausa mai dubban maƙaloli, kuma tun Disamba 2013 Hausa ta shiga cikin harsunan da manhajar fassara ta Google ke juyawa. Amma wayar da aka kulle kan Faransanci kaɗai takan tura wannan rubutu can ƙasan jeri, inda ido ba ya kaiwa.

Yadda ake tsara tambaya

Saiti rabin aiki ne, sauran rabin yana ga yatsun mai tambaya. Garuruwa da abubuwa da yawa na ƙasar nan suna da rubutu biyu: Zinder da Damagaram, Tahoua da Tawa, Niamey da Yamai, « kilichi » da kilishi, « tchoukou » da cuku. Kowane rubutu da rumfunan da yake buɗewa, mai hikima kuwa yakan gwada duka biyun. Haka nan haruffa masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. A Nijar ana rubuta « ƴa », a Najeriya ana sa ɗan waƙafi gaban harafin, marubuta da yawa kuma ba su sa komai. Allon rubutu na Gboard yana da tsarin Hausa mai waɗannan haruffa, ana ƙara shi ta cikin saitin harsunansa. Amma wajen bincike yana da kyau a gwada kalma da lanƙwasa, a sake gwada ta ba lanƙwasa.

Akwai kuma ƴan dabaru da ke aiki cikin manyan injina. Jimlar da aka sa tsakanin alamun zance, inji zai nemo ta yadda take. Kalmar da aka manna wa alamar ɗebewa a gabanta, inji zai jefar da shafukan da ke ɗauke da ita. Mai neman labarin Nijar yana iya kore na maƙwabta ta wannan hanya. In aka ƙara « site:ne » a ƙarshen tambaya, shafukan da adireshinsu ya ƙare da alamar Nijar kaɗai za su fito, cikinsu har da na ma'aikatun gomnati. Ɗalibin da ke neman sanarwar hukumar ANAB game da tallafin karatu, ko maniyyacin da ke neman ta hukumar alhazai COHO, wannan dabara tana rage masa shara, ko da yake ba dukan hukumomi da ƙungiyoyin ƙasar ne ke amfani da wannan alama ba. Sashen « Outils » kuma yana ba da damar taƙaita amsoshi ga na mako guda ko wata guda, don kada a ɗauki sanarwar bara a zaci ta bana ce.

Amsar da ke sama ba ita ce mafi gaskiya ba. Layukan farko sau da yawa talla ce da aka biya, ana gane su da kalmar « Sponsorisé ». A watan Disamba na 2022 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi cewa ƴan damfara suna sayen irin waɗannan gurabe, su kwaikwayi shafukan kamfanoni da na hada-hadar kuɗi, don su sace kalmomin sirrin jama'a. Tun Mayu 2024 kuma Google ya fara ɗora taƙaitacciyar amsa da na'ura ke tsarawa a saman jeri. A makonninta na farko an kama ta tana ba mutane shawarar zuba gam cikin abinci, saboda ta ɗauki wasan wani a matsayin gaskiya. Mai son ganin shafuka tsurarsu, ba tare da wannan taƙaitawa ba, yana iya taɓa maɓallin « Web » da ke cikin jerin da ke ƙarƙashin layin tambaya. A batun lafiya, kuɗi ko addini, bin amsa har tushenta wajibi ne.

Dillali mai littafi

Mutum yakan tambayi salula abin da ba zai iya tambayar ɗan'uwansa ba: ciwon da yake ɓoyewa, bashin da ya yi masa katutu, rikicin cikin gidansa. Waɗannan tambayoyi ba su ɓacewa. Wuri biyu ake ajiye su. Na farko cikin wayar, a tarihin burauza, inda duk wanda ya ari wayar zai iya gani. A gidajen da waya guda ke yawo tsakanin miji, mata da yara, wannan kaɗai ya isa haddasa fitina. Na biyu cikin rumbun kamfanin, ɗaure da asusun Gmail da mai shago ya buɗe wa mutum ranar da ya sayi wayar, wanda sau da yawa mai wayar bai ma riƙe kalmar sirrinsa ba.

Share tarihin burauza ba ya share na rumbun kamfani. Wannan na biyu ana tarar da shi a sashen « Mon activité » na asusun Google. A can ana iya goge shi, ko a dakatar da tara shi, ko a umarci na'ura ta riƙa goge shi da kanta bayan wata 3, wata 18 ko wata 36. Tun Yuni 2020, sababbin asusu da gogewar wata 18 suke zuwa. Tsofaffin asusu kuwa sai mai su ya shiga ya saita da hannunsa. Ya kamata a sani kuma cewa shawarwarin nan da ke saukowa tun mutum bai gama rubutu ba, alama ce cewa haruffan suna tafiya wurin inji ɗaya bayan ɗaya. Su ma ana iya kashe su cikin saitin burauza.

Akwai tagar sirri, wadda Chrome ke kira « navigation privée ». Amfaninta guda ne: ba ta barin sawu cikin wayar bayan an rufe ta. Ba ta ɓoye mutum ga shafin da ya ziyarta, ko ga kamfanin sadarwa, ko ga mai kula da layin ofis. A 2020 wasu Amurkawa sun kai Google ƙara kan cewa yana tara bayanansu ko a cikin wannan taga, a 2024 kuma kamfanin ya yarda ya lalata bayanai masu ɗimbin yawa, ya kuma gyara gargaɗin da ke fitowa in an buɗe ta.

Yara da baƙin da ba a gayyata ba

Iyayen da ke miƙa wa yaro waya don aikin makaranta, akwai saitin da ya kamata su sani, mai suna SafeSearch. Matakai uku gare shi: tacewa, wadda ke kawar da shafuka da hotunan batsa, dusashewa, wadda ke lulluɓe hoto amma ta bar shafin, da kashewa. Tun 2023 dusashewa ce ke zuwa ɗaure ga manya. Ga yaro, tacewa ce ta dace, kuma manhajar Family Link tana ba uba ko uwa ikon kulle ta daga wayarsu. Sai dai wannan rariya a bakin bincike kaɗai take aiki, ba ta taɓa abin da ke shigowa ta WhatsApp ko TikTok. Ba ta maye gurbin idon iyaye.

Wani lokaci kuma injin yakan sauya da kansa, mutum ya buɗe burauza ya tarar da baƙon shafi cike da talla. Galibi wata manhaja ce ta kyauta ta shigo da shi a ɓoye. Waɗanda suka zauna gidajen intanet na haya a shekarun 2000 da 2010 suna tuna sandunan Ask da Babylon da ke maƙalewa saman allo. A kwamfuta, maganin shi ne a duba jerin ƙare-ƙaren da aka liƙa wa burauza, « Extensions », a cire wanda ba a sani ba, sannan a mayar da saitin yadda yake tun asali. A salula kuma a cire manhajar da aka saka dab da fara matsalar.

Duk wannan aiki bai kai tsawon dafa shayi ɗaya ba. Abin da ya rage shi ne a koyar da shi. Masu shagunan waya da ke buɗe wa jama'a asusu, haƙƙi ne a kansu su rubuta wa mai saye kalmar sirrinsa, su nuna masa inda ake zaɓen ƙasa da harshe. Malaman da ke koyar da kwamfuta a makarantun sakandare da jami'o'in Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, darasi guda ya ishe su su nuna wa ɗalibai bambancin talla da amsa. Ma'aikatun gomnati kuma, in suna son a ji su, sai su riƙa buga sanarwarsu da Hausa a shafukansu, domin inji ba ya nemo abin da ba a rubuta ba. Kamfanoni sun biya miliyoyin miliyoyi don su zaɓa wa mutane. Mai waya kuwa, in ya ga dama, yau ɗin nan yana iya karɓe zaɓinsa.